Monita mai bes a kuɗi kaɗan: amsa ga mai haɗa kiɗa a ɗakin ƙafa 10 a 12

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, kace kana haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a ɗakinka mai ƙafa 10 a 12, bangon bulo ƙasa tayil, yawancin aikinka kiɗan zamani ne mai 808, dogon bes ɗin nan mai zurfi, da irin gangar amapiano ɗin nan, wani lokacin kuma ka ɗauki muryar mawaƙa, kuɗin da ka tara don sayen monita, wato sifikar situdiyo, bai wuce kwatankwacin dala 300 zuwa 400 ba. Wani abokinka yace KRK zaka saya don ita ce mai bes, wani yace a'a Yamaha HS5 don ita ake gani a manyan situdiyo, kai kuma ranka yana kan mai wufa inci 8, wufa ita ce babban faifan sifikar da ke fitar da bes, ko ka haɗa da sabwufa, sifikar bes zalla, gaba ɗaya.

To ni dai shawarata, ka nemi mai inci 5 ko inci 6.5, in da hali Kali LP-6 ko JBL 305P MkII, ka bar maganar inci 8 da sabwufa a yanzu, kuma kar ka juye kuɗin duka a kan sifika, ka rage wani abu saboda ɗakin. Domin a ɗaki irin naka bes ɗin da zai shiga kunnenka ɗakin ne ke yanke yadda zai kasance fiye da sifikar, kuma wannan shi ne abin da mai shago ba zai taɓa gaya maka ba tunda shi ba ɗaki yake sayarwa ba.

Mutanenmu da yawa in sunce suna son sifika mai bes abin da suke nufi shi ne wadda in aka kunna ƙirji zai riƙa amsawa, irin ta DJ a gidan biki ko wadda ake ɗaurawa a bayan adaidaita sahu. Wannan ta jin daɗi ce. Monita kuma ta awo ce, in ka yi awo da mudun da aka bubbuge gindinsa to duk wanda ka aunawa ka cuce shi ko da ba da niyya ba. In sifikarka tana ƙara bes da kanta, kai zaka ji kamar yayi yawa ka rage, mawaƙi ya tafi da waƙar ya saka a mota ya ji ta fayau ba nauyi. In kuma sifikar bata kai ƙasa ba, baka jin 808 ɗin sai ka yi ta ƙara masa, ran da aka saka waƙar a babbar sifika bes ya cinye muryar gaba ɗaya har sifikar tana kakari. Duka biyun ana yi, amma na biyun ya fi yawa a wajen masu aiki a gida.

Sai mu duba har ina kake buƙatar ta sauka, da Hz ake auna wannan, lambar tana ƙanƙanta sautin yana ƙara zurfi. Muryar namiji gindinta yana tsakanin 85Hz zuwa 180Hz, ta mace ta fi haka sama, saboda haka in da murya kawai kake ɗauka ko karatu ko shirin rediyo da kusan kowace monita ta isheka. Nauyin kik, wato bugun babbar ganga, yawanci yana tsakanin 50Hz zuwa 100Hz. Tsirkiyar ƙasa ta jitar bes, E kenan, tana kan 41Hz. Shi kuwa 808 gidansa 30Hz zuwa 60Hz, kaga kenan kai matsalarka ta fi ta mai ɗaukar murya, kana buƙatar sifikar da zata riƙe sauti da ƙarfinsa har wajen 50Hz ko ƙasa da haka kaɗan. Abin da ke ƙasa da 40Hz kuwa ka cire rai da jinsa daidai a sifikar wannan kuɗin, akwai wata hanyar duba shi, zan zo kanta.

Wajen karanta takardar sifika ne ake yiwa mutane wayo. Zaka ga an rubuta 54Hz zuwa 30kHz ka ɗauka shikenan tana bada 54Hz, amma ka duba ɗan rubutun da ke gefe, -10dB aka sa ko -3dB, wato yawan faɗuwar ƙarfin sautin a wannan wurin? In -10dB ne to a wannan wurin sautin ya riga ya faɗi har kunne yana jinsa kamar rabin ƙarfin sauran, wato yana nan amma da kyar. Lambar -3dB ita ce ta aiki. Ɗauki HS5 ɗin da abokinka ya faɗa, Yamaha da kansu sun rubuta 54Hz a -10dB, amma a -3dB 74Hz ce. Kaga in 808 ɗinka yana buga 46Hz ko 49Hz to HS5 ba gindin sautin take baka ba, saman-samansa kake ji. Ba wai sifikar banza bace fa, wajen tona asirin murya da tsakiyar sauti tana da kyau sosai, in murya tayi kaifi ko fiyano ya cushe da murya nan take zata nuna maka, kuma farin wufan nan nata gado ne daga NS-10 ta 1978 wadda ita ma ba a santa da bes ba sam. Amma kai tambayarka ta bes ce, kuma a nan ita ce ta baya a cikin sa'o'inta. In dole sai Yamaha kake so to HS7 mai inci 6.5, ita tana kai 55Hz a -3dB, sai dai biyu zasu haura kuɗinka.

JBL 305P MkII inci 5 ce ita ma amma ta fi sauka, 49Hz a ±3dB, 43Hz a -10dB, kuma yawanci ta fi HS5 araha. Abin da nake so da ita shi ne faɗaɗɗen bakin nan da aka yiwa ƙaramar sifikar sama, wanda suka ɗauko dabararsa daga babbar monitarsu M2, yana sa sautin baya canzawa sosai in ka ɗan karkata hagu ko dama, ga mai aiki da mawaƙi a zaune gefensa wannan ba ƙaramin abu bane. Aibinta da kowa ya sani shi ne 'yar ƙarar sss da take yi ko ba a kunna komai ba, in ka matso kusa da ita a ɗaki shiru zaka ji, in da fanka ko janaretan maƙwabta yana aiki kuwa ba lallai ka lura ba. Ramin iskarta a baya yake.

Kali LP-6, musamman V2, ita ce nake ganin ta fi dacewa da kai in kuɗin ya kai. Kamfanin sabo ne, a 2018 wasu tsofaffin ma'aikatan JBL suka kafa shi, shi yasa sunan bai shiga bakin mutane a nan ba kamar KRK. Wufanta inci 6.5, tana kai 47Hz a ±3dB, 39Hz a -10dB, ramin iskarta a gaba, sannan a bayanta akwai 'yan ƙananan makunnai da zane a jiki da ke nuna maka yadda zaka saita in a kan tebur ka ɗora ta ko a kan ƙafa, kusa da bango ko nesa. Da wannan sifikar E ɗin ƙasa zaka ji shi, ba da cikakken ƙarfi ba amma zaka san yana nan kuma zaka gane in ya kauce daga kiy. Matsalarta a wajenmu samu ne, ba kowane shago ke kawo ta ba, kuma tana da girma, ka auna teburinka kafin ka saya.

KRK kuwa abokinka bai yi ƙarya ba, tsofaffin Rokit irin G2 da G3 an sansu da kumbura bes, shi yasa masu haɗa bit suka so su, kana kunna 808 ka ji kanka ya fasu. Amma G4 da ta fito a 2019 an gyara ta sosai, ta fi na baya faɗin gaskiya, an rubuta mata 43Hz, ramin iska a gaba, ga ɗan allo a baya da zaka shiga ka rage ko ka ƙara sama da ƙasa. In ka samu G4 ko wadda ta biyo bayanta a farashi mai kyau ba laifi ka saya, kawai kar ka shiga allon nan ka ƙara bes don daɗi. Adam T5V ta kamfanin Jamus ma tana cikin wannan sahun, 45Hz aka rubuta mata, samanta tas yake. Su Eris mai inci 3.5 da sauran ƙananan da ake sayar da biyu a kwali ɗaya wajen dala 100, ita Eris ɗin a 80Hz ta tsaya, don gyaran bidiyo da murya ba laifi, don 808 kuwa kar ka soma.

Maganar wat kuma ka manta da ita. JBL ɗin wat 41 ne a ƙasa 41 a sama, HS5 wat 70 ne jimla, a nisan mita ɗaya duk sun fi ƙarfin abin da kunnenka zai iya ɗauka na awanni.

Yanzu ɗakin, nan ne zan ɗan daɗe. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka zangon sautin 50Hz ɗaya ya kusa mita 7, ya fi ɗakinka tsawo kusan ninki biyu. Sautin da ya fi ɗaki tsawo ba wucewa yake yi ya tafi ba, yana dukan bango ya dawo ya haɗu da wanda ke fitowa daga sifika, a wani wurin su haɗu su ninka, a wani wurin su kashe juna. Kuma bangon bulo da filasta da tayil basa shan komai, duk abin da ka jefa musu sai sun dawo maka da shi, gara ma gidajen Turai da Amurka masu bangon allo, wani bes ɗin yana ratsawa ya fita, shi yasa shawarar da kake gani a YouTube ba duka take hawa ɗakunanmu daidai ba. Lissafin ba wuya, ka raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin a mita. Ƙafa 12 mita 3.66 ne, ya baka kusan 47Hz. Ƙafa 10 mita 3.05 ne, ya baka kusan 56Hz. Sai kuma ninkinsu, 94Hz da 112Hz. To F# na ƙasa yana kan 46Hz, A na ƙasa yana kan 55Hz, kaga ɗakinka ya zauna daram a kan inda 808 ke yawo. In ka zauna a tsakiyar tsawon ɗakin F# zai ɓace kamar ba'a buga ba, in ka jingina da bangon baya kuma shi kaɗai zaka riƙa ji yana gurnani ya ƙi mutuwa. Ko monitar dala dubu biyar ka kawo haka zata yi a wannan ɗakin. Ka ma gode Allah naka ba 12 a 12 bane, irin wannan ɗakin tsawo da faɗi duk a 47Hz suke haɗuwa, abin ya ninku. In silin ɗinka ƙafa 10 ne shima ya faɗa kan 56Hz tare da faɗin.

Ba sai ka yarda da maganata ba, ka gwada ko da sifikar da kake da ita yanzu in tana ɗan sauka. Buɗe 3x Osc a FL, abin nan mai fitar da sauti guda uku, ka kashe biyu ka bar ɗaya a kan sautin sayin zalla, ka riƙa buga maɓallan ƙasa ɗaya bayan ɗaya a hankali ba tare da ka taɓa ƙarfin sauti ba. A kwamfuta duk ƙarfinsu ɗaya, amma a kunnenka zaka ji wani ya taso wani ya nutse. Sai ka bar ɗaya yana ƙara ka tashi ka zaga ɗakin, ka je kusurwa, ka dawo tsakiya. Wlh mutane da yawa ranar da suka yi wannan gwajin suke daina zargin sifikarsu.

Gyaran farko kyauta ne. Ka sa teburin a jikin gajeren bango, wato mai ƙafa 10, sifikun su harba sauti ta tsawon ɗakin, ka zauna daidai tsakiya tsakanin bangon hagu da na dama, amma ta tsawo kar ka zauna a tsakiya, masu harkar suna farawa da kusan kashi 38 cikin 100 daga bangon gaba, a ɗakinka wajen ƙafa 4 da rabi kenan, daga nan ka riƙa matsawa gaba ko baya kaɗan-kaɗan kana maimaita gwajin 3x Osc ɗin har ka samu inda maɓallan suka fi kusa da juna a ƙarfi. Nisan sifika da sifika ya zama daidai da nisan kowacce zuwa kanka, wajen mita ɗaya zuwa ɗaya da 'yan kai, ka karkato su su kalli kunnuwanka, ƙaramar sifikar sama ta yi daidai da tsayin kunne. A tsaye zaka ajiye su ba a kwance ba, na san a kwance sun fi kyau a hoto. Kar ka cusa su a kusurwa, kar kuma ɗaya ta kasance a kusurwa ɗaya a fili.

Sai nisa da bangon gaba, nan ma ana yawan juya maganar. Ana cewa a janye sifika daga bango, gaskiya ne a babban ɗaki. Amma sautin da ya tafi baya ya daki bango ya dawo yana kashe wani wuri, lissafinsa 343 a raba da ninki huɗu na nisan fuskar sifikar daga bangon. In nisan mita 1 ne ramin zai faɗo a wajen 86Hz, daidai inda kik yake da nauyi, ka yi ta ƙara kik baya fitowa. In ka matsar da ita jikin bango har fuskarta ta zama santimita 40 daga bangon, ramin ya tashi zuwa sama da 200Hz, wurin da ya fi sauƙin magancewa da abin shan sauti. Saboda haka a ƙaramin ɗaki ni na fi son a matsar da su kusa da bango, a bar tazarar kamar santimita 10 in ramin iskar a baya yake don ya samu numfashi. Bangon zai ƙara bes, to wannan ne amfanin makunnan da ke bayan sifikar, a Yamaha akwai wanda ke rage 2dB ko 4dB a ƙasa, JBL da Kali ma suna da nasu, ka yi amfani da su, ba ado aka sa su ba. Kuma kar ka ɗora su kai tsaye a kan teburin katako mai rawa, teburin zai riƙa amsawa ka ɗauka bes ne, ko ka sa musu soso mai tauri a ƙasa ko ka kai wa mai walda ya yi maka ƙafafu masu nauyi ka cika bututun da yashi.

Kiret ɗin ƙwai da siririn soson nan mai ƙurajen dala da ake mannawa bango ko'ina, ba ruwansu da bes. Soson yana shan sama ne kawai, sai ɗakin ya mutu a sama ƙasa kuma yana nan yana gurnani, wanda wani lokacin ya fi ɗakin da ba'a taɓa ba muni. Bes kauri yake so. Rockwool, audugar dutsen nan da ake sawa a gini, mai kaurin santimita 10 zuwa sama, kafinta ya yi masa firam a rufe da yadin da iska ke ratsawa, ka tsayar a kusurwoyin gaba daga ƙasa har sama in ka iya, ka bar iska a bayansa, sai ɗaya hagu ɗaya dama a inda sauti ke fara dukan bango. Ka sa safar hannu da takunkumi wajen yanka shi, yana ƙaiƙayi. Ba zai share matsalar 47Hz ba, kar in yi maka ƙarya, wannan sai kauri mai yawan gaske, amma daga 100Hz zuwa sama zaka ji bambanci sosai, kik zai riƙa tsayawa cak maimakon ya yi ta jan jela. In ɗakin kwananka ne, katifa mai kauri da wadrob cike da kaya a bangon baya suna taimakawa fiye da yadda kake zato, kafet a kan tayil kuma don sama ne.

To me yasa nace banda inci 8? HS8 tana kai 47Hz a -3dB, kaga kusan inda Kali mai 6.5 ta tsaya kenan, kuɗin kuma ya haura. Babbar sifika tana son ka zauna nesa da ita kaɗan kafin sautin sama da na ƙasa su haɗe, kai kuma ba ka da wannan filin, sannan duk ƙarfin da ta ƙara a ƙasa ɗakin ne zai karɓe shi ya kumbura wuraren da dama suka kumbura. Sabwufa kuma ba haramun bace, in an saita ta daidai tana ma iya gyara wasu ramukan tunda zaka iya ajiye ta inda ya fi dacewa, amma saitin ne aikin, sai ka daidaita inda zata karɓa daga monita, yawanci wajen 80Hz, ka daidaita ƙarfinta da juyin sautinta, kuma wannan da kunne kawai yana da wuya, sai da makirfon awo irin UMIK-1 da manhajar REW wadda kyauta ce. Wanda ya sa sabwufa da ka, kusan kullum yana ƙure ta ne, ya dawo gidan jiya yana fitar da waƙoƙi marasa nauyi. Ga maƙwabta, in gidan haya kake bes ɗin nan ta bango yake bi har ɗakin mai gida.

Abin da ke ƙasa da inda monitar ta tsaya da hedifon zaka duba shi, domin hedifon ba ruwansa da ɗaki. ATH-M40x ko M50x na Audio-Technica, ko Sony MDR-7506, ko DT 770 Pro, kowanne yana da halinsa, M50x da DT 770 suna ɗan ƙara ƙasa, amma zasu nuna maka 35Hz da monitarka ba zata nuna ba. Sai ido, ka sa SPAN na Voxengo, manhajar da ke zana maka sauti, a kan masta inda duk kiɗan ke haɗuwa, kyauta ne, ko Parametric EQ 2 ɗin FL ma yana nuna maka inda sauti ya taru. Ka zaɓi waƙoƙi uku ko huɗu irin salonka waɗanda ka san bes ɗinsu yana zama daidai a mota da waya da wajen biki, ka jawo su cikin aikin, ka rage ƙarfinsu ya yi daidai da naka, ka riƙa tsallakawa tsakaninsu. In nasu a ɗakinka yana jin kamar ya ɗan yi ƙasa to naka ma haka ya kamata ya ji. Wata biyu kana jin waƙoƙin da ka sani a kan monitar kullum, kunnenka zai haddace ƙaryar ɗakin ya riƙa cire ta da kansa.

Kar ka manta kuma su waye zasu ji waƙar. Yawancinsu a waya ne ko 'yar MP ta bulutut, sifikar waya kuwa bata san da zaman 50Hz ba. In 808 ɗinka sayin ne zalla a waya babu shi. Dabarar ita ce ka ɗan ƙona shi da satureshan ko distoshan kaɗan, ya haifi 'ya'ya a 100Hz, 150Hz, 200Hz zuwa sama, kunne in ya ji waɗannan sai ƙwaƙwalwa ta cike gindin da kanta. Wannan aikin a tsakiyar sauti ake jinsa, wurin da ko HS5 ta ƙware, shi yasa zaka ga mutum da ƙaramar monita yana fitar da bes mai kyau. Kuma ka daina aiki da ƙara sosai, tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa yadda kunne ke jin bes yana canzawa da ƙarfin sauti, in ka ƙure komai zai ji da nauyi. Ka samu matsayi ɗaya da zaka iya magana da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba, ka yi masa alama a jikin maɓallin, lokaci-lokaci ka ɗaga na minti ɗaya ka duba ƙasa ka dawo.

Wuta. Wannan ta kashe monita a ƙasar nan fiye da komai. Mu 230V muke a 50Hz, Amurka 120V, kuma Yamaha HS kowace ƙasa da irin wutar da aka yi mata, in ɗan uwa ya aiko maka ta Amurka ko ka sayi ta gwanjo ka cusa a soket ba tare da tiransifoma mai rage wuta ba, to sai dai hayaƙi. JBL ɗin tana karɓar 100V zuwa 240V. Ko ma wacce ce ka juya bayanta ka karanta da idonka kafin ka biya. Ka haɗa da sitabilaiza mai kyau da abin kare tsallen wuta, in NEPA ta ɗauke ka kashe makunnin monitar kafin a tada janareta ko a dawo da wuta, kuma kullum ita ce ta ƙarshen kunnawa ta farkon kashewa. In inbata kake amfani da ita ka tabbatar mai tsaftatacciyar wuta ce ta sayin, mai arahar nan tana sa sifika zzz. Kebul kuma ka sayi TRS ko XLR daga saun kad zuwa monita, TRS shi ne jak mai zobe biyu baƙaƙe, ba na jita mai zobe ɗaya ba, ka sa kwamfuta da monita duk a ekstenshan ɗaya, yawancin gurnanin da ake ji daga nan yake. Lokacin hunturu ka riƙa rufe su da yadi in ka tashi, bayan sun huce.

Wajen saye ka tambaya da kyau, farashin na ɗaya ne ko na biyu, domin su HS5 da 305P da LP-6 da Rokit ɗai-ɗai ake sayar da su, a waje a da kowacce tana yawo tsakanin dala 150 zuwa 200, na naira kuwa ya danganta da canjin ranar da kuma kai da bakinka. Da yawa sun ga farashi a intanet sun yi murna sun je an miƙo musu ƙwaya ɗaya. In ta hannu zaka saya kar ka yarda da gwajin minti biyu da waƙar mai shago a cikin hayaniyar kasuwa, ka je da wayarka da kebul ɗinka da sautin da ke tashi daga 30Hz zuwa sama a hankali, ka kunna kowacce ita kaɗai, in ka ji kar-kar ko huci a wani wuri to ko wufan ya taɓu ko wani abu ya kwance a ciki. A kashe, ka ɗan danna wufan a hankali da yatsu a zagaye, ya kamata ya shiga ya fito sumul ba gogayya. Ka duba robar gefensa ko ta tsage, ka kai kunne kan ƙaramar ta sama ka tabbatar tana aiki don ita ce ke fara ƙonewa, ka duba kusoshin baya ko an taɓa kwancewa, sannan ka haɗa biyun ka saurari murya, ta tsaya a tsakiya cak, in ta karkata gefe ɗaya to ƙarfinsu ba ɗaya bane. Akwai jabu kuma, musamman na sunayen da suka yi tashe, HS5 ta gaske kilo 5.3 ce, in ka ɗaga ka ji ta sakayau ka ajiye musu kayansu.

In Kali biyu zasu cinye kuɗin tas har ba na kebul da sitabilaiza, to ka sauko kan JBL ɗin ka sa ragowar a rockwool da kafinta, tazarar 47Hz da 49Hz bata kai abin da kusurwoyi biyu da aka gyara zasu baka ba. Ka turo min tsayin silin ɗin, POP ne ko kwano da silin na allo, da kuma bangon da ƙofa da taga suke, sai in gaya maka wane bango zaka fuskanta, don in ƙofar tana jikin gajeren bangon ne lissafin zai ɗan canza.